Muryata a Cikin Akwatunan Baba

Ranar da muka yi rashin Baba ban ga hawaye da yawa ba, kuma ba zan yi wa mamaci ƙarya in ce na gani ba. Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma, wannan kowa ya faɗa, ni ma na faɗa. Gidanmu na Bodinga ya cika maƙil, maza a rumfar ƙofar gida, mata daga bakin zaure har madafa, amma cika ce irin ta mutanen da suka zo sauke nauyi. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana jan carbi, idonta a bushe. Waɗanda suka yi kuka na gaske su ne Goggo, ƙanwar Baba, sai ƙanena, wanda ya fi duk mazan gidan shan wuya a hannunsa. Har yau ban gane wannan kukan nasa ba.

Waɗanda suka koyi aiki a wurin Baba sun zo, magidanta ne yanzu, wasu har da furfura. Ƙanena ya ce can gefen rumfa suka takure, ba mai ɗaga murya, kamar Baba zai leƙo daga zaure ya tambayi wanda ya bar bakin waya a buɗe. Da aka zo faɗin alherin mamaci, babbansu ya yi gyaran murya ya ce, "Ya koya muna aiki." Aka saurara a ji saura. Ya dubi ƙasa, ya sake cewa, "Ya dai koya muna aiki." Liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Goggo ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana nema masa yafiya kamar yadda aka saba. Ni ta bari a ƙarshe, don ta san a wurina aikin yake.

"Ɗiyata, ki yahe ma ubanki. Ƙasa ta riga ta ruhe shi."

Na ce, "Allah shi gahurta mishi, Goggo."

"Ba shi nit tambaye ki ba."

Na tashi na hau raba wa baƙi ruwa.

Ina cikin haka wata dattijuwa ta shigo, ba mu san ta ba. Ta ce daga Dandin Mahe take, tana dafa abinci a wata makarantar kwana ta 'yan mata. Ta yi gaisuwa, na ce mata mun gode, Allah ya ba da lada. Sai ta cafke wuyan hannuna tana kallon bakina.

"Ke ta! Wallahi ke ta. Ke ta cikin bangonmu."

Ta juya tana ba matan labari. Wata rana da azahar wuta ta kama ɗakin ajiyarsu da ke jikin ɗakin kwanan yara, yaran kuma duk sun kwanta hutun rana. "Sai munka ji wagga baiwar Allah ta ƙwala ihu bisa kanmu. Ko takalmi ba wadda tat tsaya ɗauka. Ɗakin ya ƙone ƙurmus, ɗiya ko guda ba ta ƙone ba." Ta sa wa Baba albarka, ta sa mini. Matan unguwarmu suka sunkuyar da kai, don su sun san yadda aka yi muryar ta shiga bangon. Ni kuwa ji nake kamar in fizge hannuna in watsa mata ruwan da ke cikin kofin.

A zaman makokin nan na yanke shawara. Muryata tana cikin akwatunan da Baba ya kafa a gine-gine daga Bodinga har Shagari, ba da yardata ta shiga ba, kuma tunda wanda ya sa ta ya tafi, sai an goge ta. Na rubuta wannan ne don kada a manta da Baba, kuma don kada a tuna shi rabi.

Aikin Baba shi ne haɗa na'urar gargaɗin gobara. A birni ya koya, ya daɗe yana bin wani kamfani, da ya gaji da karɓar umarni ya dawo gida ya kama cin gashin kansa. Makarantun kwana, asibitoci, sitocin hatsi da taki, dogayen gine-ginen shaguna, duk inda aka ce a sa irin wannan abu a ƙasarmu, shi ake nema, ko da ba a son ganin fuskarsa. Tun muna ƙanana mun san kayan kamar yadda 'ya'yan manomi suka san hauya. Akwai fararen kwanonin da ake maƙalawa a silin, masu jin hayaƙi. Akwai babban akwatin bango, fanel, wanda duk wayoyi ke komawa gare shi. Akwai kuma ƙananan akwatuna iri biyu da Baba ba ya yarda kowa ya ɗaura sai shi. Ɗaya akwatin haɗi, wanda in an ji hayaƙi yake kashe janareta, ya tsai da fanka, ya saki ƙofar da ke kulle da lantarki. Ɗayan akwatin murya, wanda ake naɗar magana a ciki, in wuta ta tashi ya aika da ita lasifikokin ginin gaba ɗaya.

Yana da wata magana da ba ya gajiya da ita: "Ni ban ganin mutum, waya nika gani." Kuma gaskiya ya faɗa. Zai shiga gidan suna, kafin ya gai da mai gida idonsa na kan soket. Ya taɓa tashi daga tsakiyar cin tuwo a gidan Kawu ya yanke musu wutar gida duka, saboda ya hango an murɗe waya biyu an naɗe da leda. Ya koma ya ƙarasa tuwonsa, ya bar su a duhu har suka nemo wanda zai gyara.

Jar waya kaɗai yake ja, mai jure wuta, kuma sai a cikin bututu. A ƙarshen kowane layi akwai wani ɗan mitsitsin abu kamar ƙwayar shinkafa da ake ɗaurawa, shi ke sa fanel ya gane in waya ta tsinke a hanya. Masu ha'inci a bakin fanel suke ɗaura shi, fitila ta nuna kore, alhali layin a mace yake. Ƙanena, lokacin har ya yi aure yana da ɗa, ya taɓa yin wannan dabara a wani sito saboda rana ta yi zafi kuma tsani bai kai ƙarshen ginin ba. Baba bai yi faɗa ba. Ya ɗauko filaya ya bi wayar da ƙanena ya yi kwanaki yana ja, yana datse ta gutsure gutsure a gaban leburori, sannan ya sa shi ya tsince guntayen a cikin hularsa ya kai wa matarsa. "Ce mata ga abin da mijinta ya iya." Ƙanena ya kai kuwa, don ya san Baba zai aika a tambaya.

Gwaji ma haka yake yin sa, ba sanarwa. Sai ya bari mai gadi ya miƙe a inuwa barci ya ɗauke shi, ya kunna tsumma ya ɗaga ƙarƙashin kwanon silin, ya tsaya yana kallon yadda bawan Allah zai zabura. In mutum ya faɗi ya gurje gwiwa, Baba ba ya dariya, ba ya kuma ce sannu. Abin da yake dubawa shi ne ko ƙofa ta saki, ko janareta ya mutu.

To abin da ya hana shi sakat shekara da shekaru shi ne mutanenmu. Kayan suna aiki, mutane ne ba sa gudu. Da ya sa jiniya, sai 'yan kasuwa su ci gaba da ciniki, su ce wani babba ne ke wucewa a titi. Akwatin murya yana zuwa da maganar wata Baturiya a ciki, mai magana ta hanci a natse. Da ya kunna ta a wani asibiti, masu jinya suka ɗauka rediyo aka ƙure. Ya goge ta ya sa wani malami mai zaƙin murya ya karanta gargaɗin da Hausa. Wannan ya fi muni. Mu mutane ne da suka saba da lasifika, ta mai wa'azi, ta mai maganin basir, ta mai cigiyar akuya, kuma in ta fara magana matsowa muke yi mu ji ƙarshenta. Ranar gwaji mutane suka taru a ƙarƙashin lasifikar, daidai inda ya kamata su watse, wani har yana cewa a yi shiru bai ji farkon ba.

Baba ya dawo gida ran nan bai ci abinci ba. Ina jin sa yana gaya wa Inna, "Mutanen ga ba su gudun magana. Sai sun ji tsoro cikin muryar wani kana su tashi." Ya gwada maƙwabta, ya gwada Goggo, ya ce su yi ihu kamar da gaske. Duk wanda ya yi sai dariya ta kama shi a tsakiya. Baba ya saurara ya ce na ƙarya ne, ko akuya ba za ta motsa ba.

Lokacin ina goyon ɗiyata ta fari, na zo daga Shagari, gidan mijina, in yi wa su Inna kwana biyu. Wata rana da hantsi yarinyar ta yi barci na kwantar da ita a ɗakin Inna. Baba ya kira ni da wata taushin murya da ban san shi da ita ba, ya ce in kai wa Goggo saƙo, gidanta ba nisa. Har na ji daɗi a raina, na ce yau Baba ya tuna yana da ɗiya.

Abin da ya faru a bayana, daga baya na ji shi. Baba ya ce wa Inna matar maƙwabcinmu tana son ganin jaririya, Inna ta saɓa ta ta fita ta ƙofar baya. Ya zuba garwashi a kasko, ya ɗora tsummokara da jiƙaƙƙen ƙaiƙayi da guntun taya, ya ajiye a tsakiyar ɗakin, ya rufe taga, ya datse ƙofar da kwaɗo. Ya rataya abin naɗar magana a jikin turken igiyar shanya.

Ina shigowa daga zaure na ga baƙin hayaƙi yana fita ta ƙarƙashin ƙofa da bakin kwanon rufi. Ban san lokacin da na kai ƙofar ba. Na ja kwaɗon, na doke shi da dutse, na kama ƙyauren da farce. Sai na ji an riƙe hannuwana ta baya, riƙon da ba na iya ko motsi. Baba ne. Ina kiran sunan ɗiyata ina fizga, shi kuwa ya sunkuyo daidai kunnena ya ce a hankali, kamar mai koya wa yaro karatu, "Kira mutane. Ce musu wuta ta. Ce su hito."

Na kira kuwa. "Wuta! Jama'a wuta! Ku hito! Ku hito!" Na yi ta yi har na ji wani abu ya yage a maƙogwarona. Maza suka dinga tsallako katanga da bokitai. Cikin masu shigowa da gudu har da Inna, ɗiyata a kafaɗarta, ta farka tana tsotsar hannu.

Baba ya sake ni na zube. Bai dube ni ba. Ya taka zuwa turken, ya ciro abin, ya danna, ya kara a kunne. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ta yi." Sannan ya juya ga maƙwabta da ke tsaye da ruwa a hannu ya ce, "Ku yi hanƙuri, gwaji na."

Ban tsani kowa a duniya kamar yadda na tsani mahaifina a wannan ranar ba, kuma na faɗa ne don gaskiya ce. Nonona ya ɗauke a makon, da madarar akuya da kunu aka ƙarasa rainon yarinyar. Muryata ta dawo da wata 'yar shaƙewa da har yau ba ta bar ni ba. Inna ta tattara kayanta ta tafi Horo Birni wurin danginta, sai bayan an yi girbi aka lallaso ta ta dawo, kuma tun daga nan ban sake ganin ta zauna tabarma ɗaya da shi ba. Mijina ya zo ya tsaya a zaure, mutum ne mai kunya amma ran nan ya ajiye ta, ya ce ba a yi wa matarsa adalci ba, a goge abin. Baba yana warware waya ya amsa masa, ko kai bai ɗaga ba.

"Muryar ga cikin gidana anka haihe ta, kahin ka san da ita."

Malamin unguwa ma ya zo da nasa, ya ce bai dace a rataye muryar matar aure a bango kowa na ji ba. Baba ya ce, "Allah gahurta malam, ran da wuta taz zaka sai ka tare ta ka hwaɗa mata." Malam ya karkaɗe rigarsa ya tafi.

Ƙanena ya gaya mini Baba ya yi yini guda a shago yana maimaita ihun nan, yana yanke inda na kira sunan yarinyar, yana barin inda ya yi masa. Daga nan duk ginin da ya haɗa, ni ce a ciki. Kuma abin haushin, abin ya yi aiki. Gwajin farko da ya yi da ita a wani sito, har mai awo ya bar ma'auninsa ya fice.

Ni kuwa na zama abin nuni. Garinmu ba shi da girman da za a ɓoye murya. In na sauka daga mota a tasha sai in ji wani ɗan keke ya ƙanƙance murya ya ce, "Ku hito!" abokansa su kwashe da dariya. A gidan biki in na yi magana sai mata su taɓa juna. Na taɓa kai ɗiyata asibiti tana zazzaɓi, muna zaune a layi aka yi gwaji, na ji kaina a saman kaina ina kururuwa. Kowa ya watse, ni na kasa tashi, na yi ta amai a wurin. Shekarun da suka biyo baya gaisuwa kaɗai ke haɗa ni da Baba, in durƙusa in ce an kwana lafiya, ya ce lafiya, in tashi.

Zan faɗi alherinsa guda da na gani da idona, don hakkinsa ne. Da na buɗe shagon ɗinki a kasuwar Shagari, wani mai gyaran rediyo ne ya ja mini wuta. Ran nan da rana tsaka sai ga Baba da jakarsa, ba wanda ya kira shi, tsufa har ya fara rankwafar da shi. Bai yi mini magana ba. Ya dubi wayar ya yi tsaki, ya fizge ta gaba ɗaya, ya hau tsani ya ja sabuwa cikin bututu, ya maƙala farin kwano daidai saman inda nake tara yadi. Na kawo masa ruwa ya ce ba ya sha. Ya bi duk layin teloli ya yi musu haka, ba wanda ya roƙe shi. Da ya zo wurin sa abin gargaɗi, ina kallo ya ciro akwatin murya daga jaka, ya juya shi a hannu, ya mayar. Ƙararrawa ya ɗaura mana, irin ta ƙarfe mai ƙara kamar ta makaranta. A duk inda Baba ya yi aiki bayan ranar da ya ɗauki ihuna, layinmu ne kaɗai ba muryata. Na ɗauka wannan ce hanyarsa ta cewa ya yi kuskure, na riƙe ta a haka na tsawon lokaci.

Da ciwo ya kwantar da shi, Inna ta aiko a ce yana nemana. Na rufe shago na hau mota, ina shirya yadda zan amsa in ya nemi gafara. Har na yanke cewa zan yafe tun kafin ya ƙarasa, don kada in wahalar da tsoho. Na same shi ya rame, hannuwan nan da suka riƙe ni sun zama ƙashi. Ya yi mini alama na matso.

"Akwatin sito na bakin hanya, muryar ta fara shaƙewa. Zahi ya taɓa shi."

Na ce, "To, Baba."

"Na hwaɗa ma ƙanenki shi kwaho ta daga na makaranta. In dut sunka lalace..." Ya tsaya ya ja numfashi, ya dube ni ido cikin ido. "Kina da jika nan gaba, ɗiyarki za ta yi goyo. Ƙanenki shi san yadda za shi yi."

Wannan ce magana ta ƙarshe da mahaifina ya yi da ni. Na fito na zauna a bakin rijiya ina dariya, irin dariyar da ta sa Inna ta fito ta riƙe ni.

Saboda haka da aka share makoki na kira ƙanena, wanda aikin ya koma hannunsa, na ce ina son a goge ni daga ko'ina. Bai yi musu ba.

"Adda, abu mai sauƙi na. Sabuwa za a naɗa bisa tsohuwa, shi ke nan ta tahi. Amma mi za mu sa?"

Na ce ni zan sake yi, da yardata wannan karon, da hankalina a jikina. Na zauna a shagonsa na yi ta gwadawa har na sami wadda ta yi mini, da ƙarfi, a fili, ba wasa a ciki. Ya ce mu fara da wani dogon ginin shaguna a Bodinga, na masu katifa da atamfa, rufinsu ɗaya, ƙofar fita ɗaya. Ya adana tsohuwar a wayarsa, ya ce sai mun ga yadda ta kaya zai share ta. Mai ginin kaɗai muka gaya wa.

Ranar kasuwa ce, ginin cike. Na tsaya daga ciki kusa da wani mai katifa, na ja mayafi na rufe rabin fuska. Ƙanena ya hau tsani ya ɗaga tsumma mai hayaƙi. Fanka suka tsaya, janareta ya mutu, sai ga sabuwar muryata daga sama: wuta, jama'a ku fito.

Wasu suka ɗaga kai. Wata mata da ke taya atamfa ta ce, "Wace ta wagga ka surutu?" ta ci gaba da murza yadin. Mai katifa ya leƙa waje ya dawo ya zauna. Wani tsoho ya jawo jikarsa suka matso ƙarƙashin lasifikar don su ji da kyau. Na dubi katifun da aka jera har rufi, na dubi 'yar ƙofar can nesa, na dubi yarinyar da ke riƙe da hannun kakanta tana kallon sama tana murmushi.

Ƙanena ya kashe, ya sauko, ya zo ya tsaya kusa da ni. Ni ce na yi magana.

"Sa waccan mu gani."

"Adda, ki hita waje tukuna."

"Sa ta ina nan."

Ya koma wurin fanel ya yi 'yan danne-dannensa, ya sake hawa tsani. Na san gwaji ne. Ni na ba da umarni, ina kallon tsumman a hannunsa, na san muryar wace ce da ranar da aka ɗauke ta. Duk da haka da ta fashe a saman kaina ban san abin da ya faru ba. Na dawo hayyacina ne a tsakiyar titi, ba takalmi, ba mayafi, mutanen ginin duka a kewaye da ni suna haki, tsohon nan ya rungume jikarsa a ƙirji. Bakina a buɗe yake, ina kiran sunan ɗiyata, wadda ta zama budurwa, na baro ta a Shagari tana tsare mini shago.

Ƙanena ya fito da mayafina a hannu ya yafa mini. Idonsa ya yi ja.

"In goge ta?"

Na dubi yarinyar nan a ƙirjin kakanta. Na ce, "Bar ta. Kwahe ta ka aje wuri uku, kada ta lalace. In kuwa ta lalace, ko ka mutu kada ka kusanci ɗiyata da wagga magana."

Ya ce ya ji. Na shiga na nemo takalmana a cikin waɗanda aka zubar.

Da yamma na biya gidan Goggo, don na san tana jira. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta sake yi mini tambayar da ta yi ranar jana'iza. Na ce mata Baba ya san aikinsa, ban taɓa ganin wanda ya san nasa kamarsa ba, kuma akwai yaran mutane da ke numfashi yau saboda shi. Na ce ina roƙa masa rahama a kowace salla, Allah ya haskaka kabarinsa, ya tsare shi daga wutar da ta fi wadda ya yi rayuwarsa yana yaƙa.

Goggo ta ce, "Amin. To ke hwa?"

Na ce, "Na bar mishi muryar, Goggo. Ita kaɗai nika iya ba shi."